Ɗan Hakin da Ka Raina: Rikicin “In”, “On” da “At” a Ajin Turanci

Wata ɗaliba 'yar Mugulbu, a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, ta taɓa kawo mini insha'in da ta rubuta tana shirin jarrabawar WAEC. Labarin zuwa kasuwa ne. Rubutun hannunta tsaf, ta san abin da take son faɗa, manyan kalmomin da ta sha wuya ta haddace kuma duk sun zauna inda ya dace. Amma da na gama bi da jan biro, sai ga takarda ta yi ja wur, kuma yawancin abin da na zagaye kalmomi ne da ba su wuce harafi biyu ko uku ba. Ta rubuta “in Tuesday”. Ta rubuta “we went with leg”. Ta rubuta “we reached to the market”. Inda take son cewa mahaifiyarta ta daka wa wani yaro tsawa, ta sa “shouted to the boy”, wanda ke nufin ta ƙwala masa kira ne kawai. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce, “Malam, ni fa waɗannan ko ganin su ba na yi in ina rubutu. Wace doka ce zan haddace in huta?”

Tambayar tata ita ce ta duk mai koyon Turanci, amsarta kuwa ba ta da daɗin ji: dokar tana nan, amma rakiyar rabin hanya take yi wa mutum. Kalmomin da ake magana a kansu su ne waɗanda littattafan nahawun Turanci ke kira “prepositions”, wato 'yan kalmomin da ke shiga gaban suna su nuna dangantakarsa da sauran jimla: ina abu yake, yaushe ya faru, daga ina ya taso, ina ya dosa, da me aka yi shi. Wanda ya yi karatun zaure ya san danginsu a Larabci, haruffan jarri, irin su “min” da “ila” da “fi” da “ala”, waɗanda almajiri ke cin karo da su tun a shafukan farko na Ajurumiyya. Na Turanci sun haura ɗari in an haɗa da masu kalma biyu ko uku, amma waɗanda ke kayar da mutane ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Uku daga cikinsu, “of” da “to” da “in”, suna cikin kalmomi goma da aka fi yawan amfani da su a harshen baki ɗaya. Da wuya ka rubuta layi biyu ba ka taka ɗayansu ba.

Ƙanƙantarsu ce ke sa a raina su, amma a ɗakin jarrabawa tsadarsu ta kai ta kawo. A tsarin da WAEC ke bi wajen duba insha'i, maki hamsin ne aka kasa gida huɗu: goma na abin da aka faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, sai goma na tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da na haruffa da alamomin tsayawa. A wannan kason na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure ashirin, maki goma sun tafi, kuma mai dubawa da ya gaji da tuntuɓe a kowane layi ba zai saki hannu a kason ashirin ɗin nan ba. Ga kuma tambayoyin cike gurbi, a WAEC da NECO da JAMB, inda ake jera kalmomi masu kama da juna a ce zaɓi ɗaya. Kiredit a Turanci kuwa shi ne mabuɗin ƙofa. Yarinyar da ke iya hango Jami'ar Jihar Adamawa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi kusa da gida, tana iya zaman shekara guda cur tana jiran wata jarrabawar saboda “on” da “in”. Wannan yana damuna ƙwarai, domin na san kanta yana ja.

Tushen rikicin a harshenmu yake, kuma ba aibi ba ne. Hausa tana da kalma guda, “a”, mai ɗaukar kayan da Turanci ya raba wa mutum uku. Muna cewa a Mubi, a tasha, a hanya, a ranar Talata, a watan Agusta, a shekarar 1991. Bature zai ce “in Mubi”, “at the motor park”, “on the road”, “on Tuesday”, “in August”, “in 1991”. Yaron da aka gaya wa tun a firamare cewa “in” na nufin “a” ba ƙarya aka yi masa ba, sulusin gaskiya aka ba shi, shi kuma ya riƙe ta da amana yana zubawa ko'ina.

A nan ne dokar ke da amfani, kuma ya kamata a koyar da ita da hoto maimakon jerin kalmomi a allo. “At” ɗigo ne, kamar wurin da tsinin allura ya taɓa. “On” tabarma ce, shimfiɗa da ake ɗora abu a kanta. “In” rumbu ne, abu mai ciki da ke kewaye da kai. Tasha ɗigo ce a kan hanyar matafiyi, don haka “at”. Hanya shimfiɗa ce, don haka “on”. Gari yana kewaye da mazauninsa, don haka “in”. Turanci ya ɗauki wannan hoton na wuri ya aza wa lokaci: ƙarfe biyu ɗigo ne, “at two o'clock”, yini shimfiɗa ce, “on Tuesday”, wata da shekara da damina rumbuna ne masu ɗauke da kwanaki, “in August”. Ranar da aka ƙirƙiri jiharmu ta Adamawa daga tsohuwar Gongola ta isa darasi guda: “in 1991”, “in August”, amma “on 27 August”. Da zarar rana ta fito a cikin magana, tabarma ta dawo.

Sai dai ba a nisa dokar ke fara ɗingishi. Ana cewa “in the morning” amma “at night”, sannan “on Friday morning”. Ana shiga ƙaramar mota da “in”, a hau bas da jirgi da babur da “on”, a yi tafiyar ƙafa da “on foot”, in kuma hanyar sufurin kawai ake nufi sai a ce “by bus”. Malamai kan ce abin hawan da za ka iya miƙewa tsaye ka taka a cikinsa, ko wanda kake ɗarewa bisansa, shi ke ɗaukar “on”, kuma wannan dabara tana aiki sau da yawa. Akwai kuma inda bambancin ya wuce ado. A Turancin Ingila, in an ce mutum yana “in hospital”, an kwantar da shi ke nan; in an ce yana “at the hospital”, wataƙila dubiya ya je ko can yake aiki. Haka “in prison” da “at the prison”: ɗaya ɗaurarre ne, ɗaya ya kai wa ɗan'uwansa abinci. Mai rubuta wa shugabansa takardar neman uzuri ya kamata ya san wanne yake faɗa.

“Da” ta fi “a” yawan kaya. Da ita muke haɗa Audu da Bala, mu yanka nama da wuƙa, mu zo da safe, mu tashi da ƙarfe biyu, mu tafi da ƙafa, mu yi fushi da mutum, mu bambanta da shi. Yaro ya koyi cewa “da” ita ce “with”, sai ka ga “different with”, “married with”, “with leg”, inda ake son “different from”, “married to”, “on foot”. Dubi kuma “wajen”. Na je wajen Malam, na karɓo wajen Malam, littafin yana wajen Malam. Kalma ɗaya ce a bakinmu, babu kuma Bahaushen da zai rikice, domin aikatau ya riga ya nuna inda aka dosa. Turanci yana son “to” a ta farko, “from” a ta biyu, “with” a ta uku.

Yaran wannan yanki ma da yawansu Hausa ba ita ce ta farko a bakinsu ba. Wani da Gude ya tashi a gida, wani da Fulatanci, wani da Fali ko Njanyi, Hausa ta same shi a kasuwa da filin wasa da wurin ibada, Turanci ya zo na uku ko na huɗu. Fulatancin Adamawa kuwa yana da tasa “haa”, wadda ita ma ke tsayawa a inda mutum yake da kuma inda ya nufa, da “bee” mai yin aikin “da”. Harsuna biyu ko uku ke nan suke gaya wa yaro abu guda, Turanci ya zo ya ce a'a. Da yake kuma iyakar Kamaru tana nan kusa, ya kyautu a tuna cewa wannan wahala rabon tarihi ce. Jamusawa suka fara riƙe Mubi a farkon ƙarni na 20, bayan yaƙin duniya na farko aka raba ƙasar Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, sannan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta tabbatar da wannan ɓangaren a cikin Najeriya. Yaron da ke bayan duwatsun Mandara, mai yare ɗaya da na Mugulbu, yana can yana fama da “à” da “de” na Faransanci. Inda ɗan nan zai ce “depend on”, shi “dépendre de” aka koya masa. Tushen kalmar ɗaya ne a Latin, ma'anarta rataya, amma Bature ya rataya abu a kan wani, Bafaranshe ya rataya shi daga wani. Babu hankalin da zai gaya maka wanne ne daidai sai an ji daga bakin masu harshen.

Abin da na fi so malamanmu su lura da shi shi ne wannan: bambance-bambancen da Turanci ke yi da waɗannan 'yan kalmomi, mai jin Hausa ya riga ya san su sarai. Wurin ajiyarsu ne ya bambanta. Mu a jikin aikatau muke ajiye su. Ɗauki jifa. Na jefa masa ƙwallo, na jefe shi da dutse, na jefar da takarda, ya jefo mini mabuɗi. Saiwa ɗaya ce, ƙarshen kalmar ne ke juyawa, amma ta farko wasa ce, ta biyu faɗa, ta uku zubarwa, ta huɗu kuma abin ni ya nufo. Turanci ba ya taɓa jikin “throw”. Sai ya liƙa masa “to” don wasa, “at” don faɗa, “away” don zubarwa. Masanin nan F. W. Parsons na makarantar nazarin harsunan Afirka da Gabas da ke Landan ya tsara wannan hali na aikatau ɗin Hausa a giredi bakwai tun 1960, kuma har yau a kansa ake koyar da nahawun Hausa a jami'o'inmu. Abin takaici shi ne ilmin yana zaune a sashen Hausa, bai tsallaka zuwa ajin Turanci ba, inda aka fi bukatarsa.

Da zarar an buɗe wannan ƙofa, misalai sai su yi ta zubowa. Ƙwala kira “shout to” ne, daka tsawa “shout at”. Yin dariya tare da mutum “laugh with”, yi masa dariya “laugh at”. Yaro ya gano da kansa cewa “at” bayan aikatau yakan ɗauki saiti, kamar mai harbi, har ma da ɗan ƙamshin gaba. Ci da cinye su ne “eat” da “eat up”. Saya da saye su ne “buy” da “buy up”. Inda Hausa ke da kalmomi huɗu daban, duba da nema da kula da bincika, Turanci yana da “look” guda ɗaya da wutsiya huɗu: “at”, “for”, “after”, “into”. Shahararren kuskuren nan na “borrow me your biro” shi ma daga nan ya fito. Muna cewa na ari biro, muna cewa ara mini biro, saiwa ɗaya, “mini” ce ke juya akalar. Turanci ya raba su gida biyu, “borrow from” da “lend to”. Na ga ɗalibai sun yi shekaru ana gyara musu wannan ba su daina ba, amma ranar da aka rubuta jimlolin Hausar guda biyu a allo aka ce su duba bambancin, a ranar ya zauna.

Hausa tana da wata taskar kuma, kalmomin da ta ƙera daga jikin mutum. Kai ya ba mu kan tebur, ciki ya ba mu cikin ɗaki, baya ya ba mu bayan gida, gaba ya ba mu gaban sarki, baki ya ba mu bakin kogi, gindi ya ba mu gindin bishiya, har goshi ya ba mu goshin azahar. Waɗannan sun fi sauƙin haɗawa da na Turanci, domin hoto ne a fili, amma ko su akwai tarko. “Bayan” tana aikin wuri da na lokaci, bayan gida da bayan sallah, Turanci kuwa “behind” ne a ɗaya, “after” a ɗayan. Wanda ya zauna a gindin bishiya “under the tree” ya zauna, wanda ke bakin kogin Yedzaram “by the river” yake ko “on the bank”. In ya ce “mouth of the river” ya kai mu inda kogin ya ƙare.

Malaman zaure sun daɗe da warware wannan matsala a nasu fagen, kuma ina ganin malamin Turanci zai ƙaru da su. A Larabci “raghiba fi” so ne, “raghiba an” ƙi ne. “Da'a lahu” ya yi masa addu'ar alheri, “da'a alaihi” ya yi masa mummunar addu'a. Harafi guda ke raba albarka da tsinuwa. Ban taɓa ganin malamin da ya zaunar da almajiri ya ce haddace ma'anar “an” ita kaɗai sannan ka je ka yi ta liƙawa ba. Fi'ili da harafinsa ake biyawa tare, a cikin jimla, ana fassarawa da Hausa ko Fulatanci gaɓa-gaɓa, har kunne ya saba. Hanyar ke nan. Abin da ake koyo shi ne “good at”, “afraid of”, “interested in”, “congratulate on”, “accuse of”, “prefer to”, kowanne ɗungurungum, kamar yadda ba wanda ke koyon “kula” ba tare da “da” ba.

Mai karatu na iya tambayar me ya sa Turanci ya zama haka. Tsohon Turanci na shekaru dubu da suka wuce yana da ƙarshen kalma masu canzawa, kusan irin i'irabin Larabci, masu nuna wa ya yi, wa aka yi wa, na wane ne. Sannu a hankali waɗannan suka zube, nauyin ya koma kan jerin kalmomi da kan waɗannan 'yan haruffa. Bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila a 1066, dubban kalmomin Faransanci da Latin suka kwararo cikin harshen suka zauna kusa da na gida. Shi ya sa ake samun tagwaye masu ma'ana ɗaya da hali daban: “go into” da “enter”, “talk about” da “discuss”, “ask for” da “request”, “get to” da “reach”, ko da yake wannan ta ƙarshe 'yar gida ce. Na farko a kowane tagwaye yana jan wutsiya, na biyu ba ya so.

Daga nan ne rabin kurakuran manya ke fitowa, na ofis da na jarida da na wasiƙar neman aiki. Ana jin “discuss about”, “request for”, “emphasise on”, “comprise of”, “enter into the class”. Dalili biyu ke tura mutum. Na farko, Hausa tana cewa mun tattauna a kan batun, mun shiga cikin aji, sai harshe ya nemi abin da zai cike gurbin. Na biyu, Turancin kansa yana yaudara, domin in kalmar ta koma suna wutsiyar tana dawowa: “a discussion about”, “a request for”, “emphasis on”. Wanda ya ce “request for a loan” ya ji ta ne a wani wuri inda take daidai. Ɗaya rabin kuma akasin haka ne, a yar da abin da ake bukata. Muna sauraren rediyo, mu jira mutum, mu amsa wasiƙa, mu tafi kasuwa, duk babu komai a tsakani, sai ka ji “listen radio”, “wait me”, “reply my letter”, alhali ana son “to” da “for” da “to”. Ga kuma “go home” da ba ta son komai, ga “go to school” da ba ta yiwuwa sai da shi.

To, wa ke da ikon cewa wannan daidai ne, wancan kuskure? Tambaya ce ta gaske, domin masu harshen ma ba bakinsu ɗaya ba. Ɗan Ingila yana hutawa “at the weekend”, ɗan Amurka “on the weekend”. Na farko yana cewa “write to me”, na biyu “write me”, wadda ba ta da nisa da “reply me” ɗinmu. “Different from” kowa ya yarda da ita, amma a Landan ana jin “different to”, a Amurka “different than”. Har dokar da wasu tsofaffin malamai ke tsoratar da yara da ita, cewa ba a ƙare jimla da irin waɗannan kalmomi, asalinta ƙorafin marubuci John Dryden ne a 1672, kuma masana nahawun yau ba su ɗauke ta doka ba. Turancin Najeriya shi ma ya samu masu nazarinsa. David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, ya fitar da littafi a kansa a 1991. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Najeriya, har da “okada” da “Kannywood”. “Discuss about” kuwa ana jin ta a Ghana da Indiya kamar yadda ake jin ta a Yola, ba kuma wanda ya taɓa kasa fahimtar ta.

Matsayina a nan hawa biyu ne. Akwai kuskuren da ke juya ma'ana, irin “shout to” da “shout at”, ko “result in” da “result from”, inda ɗaya ke nuna sakamako ɗaya ke nuna sanadi. Wannan dole a tsaya a kansa har ya gyaru, domin yana iya sa a fahimci mutum a baibai a kotu ko a asibiti. Akwai kuma wanda al'ada ce kawai, irin “discuss about” ko “he is not on seat” da ake ji a ofisoshinmu. Ban yarda a kunyata babba a bainar jama'a saboda irin wannan ba, kuma raina mutum don ya sa “on” a wurin “in” rashin tarbiyya ne, musamman mutumin da ke jin harshe huɗu. Amma ɗalibi ba zan ɓoye masa gaskiya ba. Mai duba takardarsa ma'aunin Ingila ke hannunsa, kuma ba zai saurari hujjar Ghana da Indiya ba. Malamin da ya ce wa yaro kowanne ma daidai ne don ya faranta masa rai, ya cuce shi rabin maki sau ashirin.

Saura yadda za a koya. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida ko na muhallinsa a shekarun farko na firamare, amma a makarantu da dama abin da aka fi sani shi ne tara ko bulala ga wanda aka kama yana yare. Na yi imani wannan hanin yana cikin abin da ke dawwamar da kuskuren. Yaron da aka hana ya faɗi Hausarsa a fili bai daina tunani da ita ba, a ɓoye yake fassarawa kalma-kalma, inda malami ba zai gani ya gyara ba. Gara a fito da ita allo. A rubuta “na jefe shi” da “na jefa masa” a hagu, Turancinsu a dama, a bar aji su yi gardama. Wanda ke jin Gude ko Fulatanci a tambaye shi yadda suke faɗa a gida. Minti goma na wannan ya fi awa guda na cike gurbi.

Sai ƙamus, da sanin yadda ake karanta shi. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda ake gani a shagunan littattafai na Mubi da Yola, aikin A. S. Hornby ne, malamin da ya koyar da Turanci a Japan ya ga ɗalibansa sun san ma'anar kalma amma ba su san abokiyar tafiyarta ba. An fara buga shi can a 1942, Oxford ta fitar da shi a 1948. Dalilin yin sa ke nan, amma yawancin ɗalibanmu ma'anar kawai suke dubawa su rufe, su bar baƙaƙen haruffan da ke nuna “apply to somebody for something”, wanda shi ne ainihin abin da mai neman gurbin karatu ke bukata: “to” ga makarantar, “for” ga gurbin. Ɗan littafin T. J. Fitikides na kurakuran da aka saba yi, wanda ya fito a 1936 kuma har yau ake sayar da shi a kasuwanninmu, wani malami ne a tsibirin Saifurus ya rubuta wa ɗalibansa, kuma da wannan matsalar ya buɗe shi. Yara masu jin Girkanci ma sun sha abin da namu ke sha. Ɗalibar nan tawa na ce ta ware littafin rubutu guda, kada ta sake shigar da kalma ita kaɗai a ciki. Duk aikatau ko sifar da ta tsinta a jarida ko littafin adabi ko labaran rediyo, ta rubuta ta da wutsiyarta da jimlar da ta same ta a ciki, ta karanta da ƙarfi. Kunne ne ke riƙe irin wannan, kamar yadda ba wanda ya koya mana cewa ana fushi da mutum amma ana jin haushinsa.

Akwai biyu da nake roƙon kowane malami ya tsaya a kansu kafin yaransa su bar makaranta, ko da lokaci ya ƙure, domin bayan jarrabawa ma suna bin mutum. Na farko “since” da “for”. Muna cewa tun jiya nake nan, muna cewa kwana uku ke nan ina nan, sai yaro ya haɗa su ya ce “since three days”. “Since” tana son mafarin lokaci, ranar ko shekarar da abin ya soma. “For” tana son tsawonsa. Mai cike takardar neman aiki da ya rubuta ya yi koyarwa “since 2019” ya ce har yanzu yana yi. Wanda ya rubuta “for five years” tsawon kawai ya faɗa. Na biyu “by” da “until”. Sanarwar da ta ce a kawo takardu “by Friday” tana nufin Juma'a ce iyaka, ana iya kawowa tun Litinin, amma Asabar ta makara. Wadda ta ce ofis yana buɗe “until Friday” tana nufin ana nan har zuwa ranar. Wadda ta ce “from Friday” kuwa ranar za a fara. Na san wani saurayi daga ƙauyukan kudancin Mubi da ya karanta “by” a matsayin “from”, ya zauna a gida yana jiran Juma'a ta wuce, ya biya kuɗin mota ranar Litinin ya iso da takardunsa a cikin leda, ya tarar an rufe karɓa.